Gasasshiyar Abarba da Mangwaro Mai Ƙamshin Kirfa da Kanumfari

 Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na girki. Uwargida ran gida, amarya, 'yan mata masu koyon tukunya, har da iyayenmu maza da na san wasunsu na kasa kunne daga shago ko cikin mota, ina yi wa kowa maraba.

Yau ba za mu ɗora sanwa ba. Babu jajjage, babu suya. Ɗan abin zaƙi za mu yi marar nauyi, irin wanda ake kawowa bayan an ci tuwo an ƙoshi, ko a ajiye wa baƙo da la'asar, ko a sha ruwa da shi a watan azumi. 'Ya'yan itace ne za mu gasa a hankali tare da kayan ƙamshin da asalinsu ƙasashen Asiya ne: kirfa, kanumfari, citta, gyaɗar ƙamshi, kadamon, da wani mai siffar tauraro da zan yi bayaninsa in mun iso wurin. Na zaɓi abarba da mangwaro, sai 'yar ayaba daga ƙarshe, domin su ne muke gani a baro a bakin titi.

Na san akwai mai cewa, abin da Allah ya nunar a bishiya, me zai kai shi wuta? Tana da gaskiyarta. Mangwaron da ya nuna a jikin uwarsa har yana ɗigar zaƙi, ni ma ba zan gasa shi ba, wanke shi zan yi in sha. To amma nawa ne irinsa ke isowa hannunmu? Abarbar da ake lodowa daga kudu, tun ba ta gama nuna ba ake yanke ta don ta jure doguwar hanya. Ita kuwa abarba halinta daban ne da na ayaba da mangwaro: da zarar an raba ta da uwarta, ba ta ƙara zaƙi. Ki ajiye ta kwana biyar, za ta yi laushi, ɓawonta ya yi ja, amma sukarin cikinta yana nan yadda yake. Irin wannan abarbar ce wuta ke yi wa gata. Zafi yana fitar da wani ɓangare na ruwanta, zaƙin da ya rage ya tattaru wuri guda, gefe-gefenta ya soma yin launin zuma, ƙamshin ya sauya. Akwai kuma wannan ƙaiƙayin da ɗanyar abarba ke bari a harshe da leɓe. Wani sinadari ne a cikinta da ake kira buromelin, mai narkar da furotin, shi ya sa wasu ke tausasa nama da ita. Zafi yana kashe shi. Wannan ne dalilin da ya sa in kin haɗa ɗanyar abarba da nono kika bari suka jima sai su yi ɗaci, amma gasasshiya tana zama da kindirmo lafiya lau.

Yanzu ga maganar ɗumi. In aka ce kayan ƙamshi masu ɗumi, kada hankalinki ya tafi ga barkono da attaruhu. Waɗannan zafi suke da shi, suna cizon baki. Kirfa da kanumfari da 'yan uwansu kuwa suna sauka ne a hankali, ki ji su a maƙogwaro da ƙirji bayan kin haɗiye. Mutanen Indiya suna da wani haɗi da suke kira garam masala, kuma ma'anar sunan ke nan, haɗi mai ɗumi. Masu maganin gargajiya na Indiya da na Sin duk sun sa waɗannan kaya a layin masu ɗumama jiki. Mu ma ba baƙon zance ba ne a wurinmu, kowa ya san abin da ake zuba wa mai jego a kunu, da abin da ake ƙara wa shayi in hunturu ya kankama.

A nan ne kuma matsalarmu take, kuma ita ce ta sa na ware filin yau kacokan. Hannunmu ya saba da yawa. Mun saba da zoɓo da kunun zaƙi da yajin jego, inda ake zuba citta da kanumfari da tafin hannu domin su ne ake so a ji. Wannan gashin ba haka yake ba. Abarba da mangwaro su ne masu gida, kayan ƙamshi rakiya suka yi. Karo na farko da na gwada, na zuba kanumfari yadda nake zubawa a zoɓo, ya fi ƙwaya goma. Gida ya ɗauki ƙamshi, amma da aka zo ci, harshe ya yi dundum kamar an sa maganin haƙori, ɗanɗanon abarbar ya ɓace gaba ɗaya. Na ji zafin asarar nan ƙwarai, domin abarba ce mai kyau. Kuma ba a banza na ce maganin haƙori ba: mafi yawan man da ke cikin kanumfari wani sinadari ne mai suna yujinol, wanda ke kashe jin zafi na ɗan lokaci, likitocin haƙori ma suna aiki da shi. Ga abarba guda da mangwaro biyu, ƙwaya uku sun isa. Uku, uwargida. Ki ƙirga.

Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki duba da kyau. Toho ne na fure, an tsinke shi tun bai buɗe ba aka shanya. Asalin itacensa wasu ƙananan tsibirai ne a yankin Maluku na Indunusiya, irin su Tarnate da Tidore, kuma shekaru aru-aru duk kanumfarin duniya daga can yake fitowa. Littattafan Sin sun ambaci cewa a zamanin daular Han, fadawa kan sa shi a baki kafin su yi magana gaban sarki. Sai a ƙarni na 19 nomansa ya bunƙasa a Zanzibar da Pemba, a zamanin Sayyid Sa'id, da gumin bayi. Sunan da muke kiran sa ma ya nuna hanyar da ya biyo ya iso mu: Larabawa suna cewa ƙaranful, mu muka ce kanumfari. Suna cewa ƙirfa, mu muka ce kirfa. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa kanumfari da jawi cikin kayan da ake shigowa da su birnin ta hamada. Wato kakanninmu sun daɗe suna ciniki da Asiya ta hannun 'yan koli, ko da ba su taɓa ganin itacen ba.

Kirfa ɓawon itace ce, kuma iri biyu za ki tarar. Akwai ta Siri Lanka: ɓawonta siriri ne, an naɗe shi ninki-ninki kamar takarda, launinta ba ya da duhu, kuma in kin murza ta da yatsu sai ta farfashe. Ƙamshinta sanyi-sanyi ne, shi ya fi dacewa da 'ya'yan itace. Ɗayar kuma daga Sin, Biyetnam da Indunusiya take zuwa: mai kauri ce, ja-ja, naɗi guda, da wuya ki karya ta da hannu. Ita ce ta cika kasuwanninmu, kuma ta fi ƙarfi. Babu laifi a yi da ita, sai dai a rage. In ta Siri Lanka kika samu, sanda guda tsawon yatsa. In mai kaurin ce, rabin haka. Ina kuma jan hankalin masu shan garin kirfa cokali-cokali kullum da sunan magani: mai kaurin nan tana ɗauke da sinadarin kumarin, wanda yawan shansa na tsawon lokaci kan taɓa hanta. Ɗan guntun da za mu sa a girki bai kai nan ba.

Kadamon, alhazai sun san shi ko da ba su riƙe sunan ba. Shi ne ƙamshin nan na gahawar Makka da Madina. Larabawan can suna ce masa hel, 'yan uwanmu na Sudan suna cewa habahan. Ɗan kwanso ne kore mai baƙaƙen ƙwayoyi a ciki, asalinsa tsaunukan kudancin Indiya, wajen Kerala, ko da yake yanzu Gwatamala ta yi fice wajen nomansa. Guda huɗu za ki ɗauka, ki ɗan ƙwanƙwasa su da taɓarya har bakinsu ya buɗe. Ki nemi wanda korensa bai kwanta ba, wanda ya koɗe ya zama fari ƙamshinsa ya tafi.

Sai tauraro. Ɗan itace ne busasshe, launin ƙasa, yawanci mai kusurwa takwas, kowace kusurwa da ƙwaya mai sheƙi a ciki. Masu kayan ƙamshi sun fi sanin sa da sunan Turanci, amma in kika ce mai kama da tauraro za a miƙo miki. Daga kudancin Sin da arewacin Biyetnam yake fitowa, kuma shi ne ƙashin bayan wani romon taliya na mutanen Biyetnam. A wurina, shi ne ya fi kowa jituwa da abarba, akwai wani zaƙi a ƙamshinsa da ke sa ki rage zuma ba tare da kin sani ba. Guda ɗaya tak. Ki saya wurin mai kayan girki da kika yarda da shi, domin akwai wani ɗan uwansa na Japan da ke kama da shi ƙwarai, wanda guba ne, ba a ci. Kuma kada a dafa shayinsa a ba jarirai. In ba ki samu ba, ki bar shi, gashinki zai yi daɗi ko ba shi.

Citta ba ta buƙatar gabatarwa. Daga kudu maso gabashin Asiya ta taso, amma ta zama 'yar gida, ga manoman Kachiya da Kwoi da kewayen Kafanchan da sunan cittarsu ya kai ƙasashen waje. Duk mai zuwa cefane ta ga yadda farashinta ya tashi bayan cutar da ta afka wa gonakinsu a 2023. Ɗanya muke so a nan, mai yatsu, gwargwadon kan babban yatsanki, a yanka ta siri-siri kamar kwabo. Busasshiya ta fi yaji, don bushewa tana sauya sinadarinta ya ƙara kaifi. Ɗanyar kuwa in ta ji wuta sai ta lafa, ta koma ƙamshi mai daɗi.

Na bar gyaɗar ƙamshi a ƙarshe, domin a ƙarshe ake sa ta, kuma domin labarinta yana da nauyi. Ba gyaɗar miya nake nufi ba, waccan tamu ce ta Afirka. Ina nufin ƙwallon nan mai kama da ƙaramin goro busasshe, wanda ake gogawa a cincin da kek. Asalinta tsibiran Banda ne, su ma a Indunusiya, 'yan ƙanana ƙwarai. A 1621 kamfanin cinikin Holan, ƙarƙashin Jan Pieterszoon Coen, ya far wa mutanen Banda don ya mallake cinikinta shi kaɗai. Mutanen sun kai kimanin 15,000, aka kashe wasu, aka kwashi wasu bayi, yunwa ta ci wasu, wasu suka tsere, kaɗan ne suka saura a ƙasarsu. Bayan nan, a yarjejeniyar Breda ta 1667, Ingila ta sakar wa Holan da'awar wani ɗan tsibiri a Banda mai suna Run, wanda tsawonsa bai wuce kilomita 3 ba, ita Ingilar kuma ta riƙe Manhatan, inda yau tsakiyar birnin Niyok yake. Duk lokacin da na ɗauki ƙwallon nan zan goga sai mutanen Banda sun faɗo mini a rai. Goga biyu ko uku a jikin magogi ya wadatar. Yawanta yana kawo ɗaci, kuma in an ci ta da yawa tana sa jiri da bugun zuciya, don haka a ɗauke ta daga inda yara ke kai hannu.

Shawarata guda game da sayayya: ki sayi kayan nan ɗungurungum, kada ki sayi gari. Ƙamshinsu mai ne da ke ɓoye a ciki, da an niƙa ya fara gudu, balle a zafin ƙasarmu. Gari kuma yana dagula romon gashin ya yi duhu kamar laka, ga shi ba a iya tsame shi in ya yi yawa.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, ga waɗanda suka kama mu yanzu, gasasshiyar abarba da mangwaro muke yi. Uwargida, matso da takarda.

Ki samu abarba guda matsakaiciya. Ki shinshina gindinta, in akwai ƙamshi ta yi, in kin ji tsami kamar ta fara lalacewa ki ajiye wa masu sayarwa kayansu. Ki fere, ki cire idanun, ki raba ta huɗu a tsaye, ki yanke ƙashin tsakiya, sannan ki yanka ta da kauri kamar faɗin yatsa. Kada ki yi mata sirara, wuta za ta shanye su. Mangwaro biyu, manya masu tsoka marasa zare, waɗanda suka nuna amma in kin danna da yatsa ba su lotsa ba. Ƙananan nan masu zare na tsotso ne, a bar su a matsayinsu. Ki fere, ki fitar da kumatun biyu, kowanne ki raba shi uku. Ayaba biyu, su ma ba waɗanda suka yi luguf ba, amma kada ki ɓare su tukuna.

Kwanon gashi ya zama mai faɗi marar zurfi, na gilas mai jure wuta, ko na tangaran, ko na ƙarfe marar tsatsa. Ki guji na alminiyam, tsamin abarba yana cin sa har ki ji ƙarfe-ƙarfe a baki. Faɗin yana da muhimmanci: in kin jibge yankan kan juna, tururi ne zai dafa su, su yi ruwa tsamo-tsamo, ba za ki ga launin zuman da muke nema ba. A jera su ɗaya kusa da ɗaya, kowa ya ga wuta.

Ki kunna obin ya kai digiri 190 kafin ki sa komai. Yana ɗaukar zafi, ke kuma ki ɗora ƙaramin kasko a wuta kaɗan-kaɗan, ki sa man shanu cokali guda na cin abinci. A kula, ba man shanun da aka soya da albasa don tuwo ba, warin albasar zai bi komai. Ɗanye mai kyau, ko bota, ko man kwakwa. Cokali gudan nan shi ne duk man da ke cikin girkin, kuma yana da aiki: ƙamshin kayan nan a mai ya fi narkewa, a ruwa zalla ba ya fitowa sosai. Da man ya narke, ki zuba kirfa, tauraro, kadamon da kanumfarin nan uku, ki juya kamar minti ɗaya. Hancinki ne agogo. Da kin ji ƙamshi ya taso, kada ki jira su yi baƙi, ki zuba ruwan lemon zaƙi guda biyu da kika matse kika tace, da yankan citta, da zuma cokali biyu, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su tsinka. Gishirin nan kada ki raina shi, shi ne ke fito da zaƙin fili. Ki bari ya tafasa minti biyu ko uku ki sauke.

Ki ɗanɗana abarbarki tun tana ɗanya kafin ki auna zuma. In mai zaƙi ce, cokali ɗaya ya isa. In ba zuma, sukari cokali biyu zai yi, mazarƙwaila ma ta fi shi daɗi a nan, sai dai a kankare ta kaɗan, don launinta da ɗanɗanonta suna da ƙarfi.

'Ya'yan itacen ba tare suke shiga ba, domin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Abarba ce farko. Ki jera ta, ki juye romon a kai har da kayan ƙamshin, ki tura su cikin romo don kada su bushe su ƙone a sama, ki sa a obin ba rufi. Bayan minti 15 ki fito da kwanon, ki juya yankan, ki jera mangwaro a tsakaninsu, ki ɗebi romon da cokali ki yayyafa musu. Bayan wasu minti 10, ki ɓare ayaba, ki raba kowace a tsaye sannan a kwance, ki ɗora, ki sake yayyafi. Minti 8 zuwa 10 sun ishe ta. Jimla ba za ki wuce minti 35 ba. Alamar ya yi ita ce gefen abarba ya yi ja-ja, tsinken cokali mai yatsu yana shiga mangwaro ba gardama amma yankan bai rushe ba, romon kuma ya ragu har yana ɗan kama bayan cokali. In kin ga romon na neman ƙafewa tun da sauran lokaci, ki ƙara ruwan zafi cokali biyu. In kuma ya yi yawa, don wata abarbar ruwa gare ta, ki tsiyaye shi a kasko ki tafasa shi shi kaɗai har ya yi kauri, ki mayar.

To wadda ba ta da obin fa? Ita ce ma na fi tunawa, domin mu ne masu yawa, kuma ko mai obin ɗin ba kullum ake da wuta ko gas ba. Yadda kike gasa kek ɗin salla, haka za ki yi. Babbar tukunya mai kauri, ki zuba yashi mai tsabta a ƙasa kamar gaɓar yatsa biyu, ko tsakuwa, ki kafa ƙananan gwangwanaye uku a kai don kwanon kada ya zauna kan yashi kai tsaye. Ki rufe, ki ɗora a kurfoti ko gas, ta yi minti 10 zuwa 15 tana ɗaukar zafi. In kina son gwadawa, ki barbaɗa ɗan fulawa a murfin gwangwani ki sa ciki. In ya yi launin ƙasa-ƙasa cikin kamar minti biyar, zafin ya yi daidai. In ya yi baƙi nan da nan, ki rage wuta. A tukunya ki yi amfani da kwanon ƙarfe, na gilas ya fi son obin. Abu biyu ne suka bambanta gashin nan da na kek. Na ɗaya, 'ya'yan itace suna fitar da tururi mai yawa, ya taru a murfi ya riƙa ɗigowa. Duk lokacin da kika buɗe, ki goge cikin murfin da tsumma mai tsabta, a minti goman ƙarshe kuma ki ɗan karkata shi tururin ya samu hanya. Na biyu, zafin tukunya daga ƙasa yake zuwa, saman ba zai yi ja ba sai kin ɗora garwashi kaɗan a kan murfin. Ni a ganina na gawayi ma ya fi na obin armashi. Amma don Allah a tsakar gida ko inda iska ke ratsawa, kada a shiga ɗaki da garwashi a rufe ƙofa ko da sanyi ake. Hayaƙin da ke kisa ba a ganin sa, ba a jin warinsa.

Da kin sauke, yanzu ne lokacin gyaɗar ƙamshi: goga biyu ko uku a kai tun yana zafi. Sannan ki matse rabin lemon tsami. Abin da ya sa ba mu sa shi tun farko ba, wuta tana kashe kaifinsa, mu kuwa kaifin muke so ya farkar da zaƙin. Sai ki bar kwanon ya huta minti goma. A cikin hutun nan ne yankan ke tsotse romo. Kafin ki zuba wa kowa, ki tsame kayan ƙamshin, kuma ki ƙirga su yadda kika ƙirga wajen sawa: kanumfari uku, kadamon huɗu, tauraro ɗaya, kirfa ɗaya, da yankan citta. Kusurwar tauraro tana da tsini, tana iya maƙale wa yaro.

Da ɗuminsa ake ci. Ki zuba a ƙananan kwanuka, yanka uku ko huɗu ga mutum, ki ɗora kindirmo mai sanyi cokali biyu a gefe, wanda ba a sa wa sukari ba. Haɗuwar ɗumin da sanyin, da zaƙin da tsamin, ita ce daɗin abin. In kina da kwakwa, ki goga kaɗan ki soya ta a busasshen kasko har ta yi ja ki barbaɗa, ko riɗi, don haƙori ya samu abin taunawa. Wannan adadin zai ishi mutum shida.

In lokacin mangwaro ya wuce, gwaiba tana maye gurbinsa, a raba ta biyu a kwashe 'ya'yan da cokali, ta shiga tare da abarba don tana da tauri. Tuffa ma tana gasuwa da kyau in aljihu ya ba da dama: ki ƙwaƙule tsakiyarta ba tare da kin huda gindin ba, ki cusa yankakken dabino, ki tsaga ɓawon da wuƙa a kewaye don kada ta fashe, ki zuba romon nan a ƙasan kwano, minti 35 zuwa 40. Da dabino a ciki ba kya buƙatar zuma ko kaɗan. Kankana kam a bar ta, ruwa ce zalla. Gwanda nunanniya ma narkewa take yi.

Sai jan hankali ga gidajen da ke da mai ciwon suga. Na ce abin nan marar nauyi ne, domin babu fulawa, babu ƙwai, man cokali guda ne ga mutum shida. Amma sukarin 'ya'yan itace yana nan, gashi ma tattara shi yake yi, zuma kuma a jikin mai ciwon suga sukari ce. A cire masa zumar da ayabar, a ba shi kaɗan bayan abinci, bisa abin da likitansa ya tsara masa. Kada kirfar ciki ta sa a ɗauka magani ne. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuma ba a ba shi zuma, dafaffiya ko ɗanya. In za ki ɗanɗana wa mai wata takwas ko tara, ki gasa masa ayabarsa daban, ba zuma.

Abin da ya rage ki rufe ki sa a firij, zai kwana biyu. In ba firij, a cinye a ranar, zafinmu ba ya barin irin wannan ya kwana. Romon da ya saura a gindin kwano kuwa kada ki wanke shi. Ki zuba ruwan zafi kofi guda a kai, ki mayar da sandar kirfar da yankan cittar da kika tsame, ki jefa ganyen shayi, ki ba maigida ko ki sha abinki bayan isha'i.

Lokacinmu ya cika. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.